Ranar Da Kare Ya Rasa Ubangida

A garinmu, idan mota ta buge akuya, kafin direba ya gama salati mai ita ya iso. Ko da akuyar ta shekara tana kwana a bakin kasuwa, tana cin leda a juji, ba wanda ya taɓa ganin an zuba mata dusa, ranar da ta karye sai ga mai ita da shaidu biyu, har ya rantse maka tana da ciki, kuma tagwaye take haifa. Amma ranar da kare ya ciji ɗan mutum, ko ka karaɗe unguwa tun daga ƙofar mai unguwa har bakin maƙabarta, ba za ka sami mutum ɗaya da zai ce nasa ne ba. Na daɗe da sanin wannan a matsayin abin raha da ake yi a majalisa bayan la'asar. A bazarar bara ne ya daina ba ni dariya.

Ranar wata Talata da yamma ina ofis ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai ƙanina ya bugo mini waya daga gida. Ya ce, "Yaya, kare ya ciji yaron nan, amma da sauƙi, an riga an yi masa magani." Yaron ɗansa ne na biyu, shekararsa 8. Yana dawowa daga Islamiyya, a ɗan lungun da ya ratsa bayan mayanka, wani jan kare ya fito daga kwalbati ya kama shi a sharaɓar ƙafa, ba tare da ya tsokane shi ba. Na tambayi irin maganin da aka yi. Ƙanina ya ce samarin unguwa sun bi karen da sanduna sun kashe shi, an tsigo gashinsa an ƙona an shafa tokar a bakin raunin kamar yadda aka gada, sannan an kai yaron kemis an yi masa allurar tetanus an naɗe wurin da bandeji.

Ni ba likita ba ne, tarihi nake koyarwa. Amma na taɓa zama maƙwabcin wani likitan dabbobi a gidajen malaman jami'a, kuma abu ɗaya da ya sha nanata mana ya zauna mini a kai. Na ce wa ƙanina ya kwance bandejin nan take, ya wanke raunin da ruwa da sabulu, ruwan yana zuba, har tsawon minti 15, ko da yaron zai yi ta kuka. Da yake hanyarmu ba ta biyuwa da dare a wannan zamani, sai da gari ya waye na kama hanya.

Mun fara da asibitin sha-ka-tafi na garin. Ma'aikacin da muka tarar ya duba ƙafar, ya yi mana tambayoyi uku: karen wane ne, an taɓa yi masa allurar rigakafi, kuma ina yake yanzu? Ba mu da amsar ta farko, ba mu da ta biyu, amsar ta uku kuwa ita ce an jefa mushensa a kududdufi. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, da an bar shi da rai an ɗaure shi, kwana 10 kawai za a sa masa ido. In ya wuce su lafiya lau, hankalin kowa ya kwanta. Da kuma da aka kashe shi an adana kansa, da an aika an gwada. Yanzu kun rufe ƙofofin biyu, dole mu ɗauka mahaukaci ne." Sannan ya ƙara da cewa ba su da allurar, domin firjinsu ya dogara ne da wutar da ba ta zuwa.

Daga nan muka nufi babban asibitin da ke garin gaba. Can ma aka rubuta mana takarda aka ce mu nemo. Sai wajen la'asar muka sami allurar a wani babban kantin magani a birni, muka ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara. Likita ya tsara mana ranakun da za a riƙa dawowa: ranar farko, ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Ya kuma yi mana bayanin wata allurar ta daban da ake yi a bakin raunin kansa idan cizon ya huda fata, wadda ke tare cutar kafin jiki ya haɗa tasa kariyar. Ita wannan mun neme ta har muka gaji. Abin da muka kashe a kan allurai da man mota da zirga-zirga ya fi albashin ƙanina na wata guda, shi da yake koyarwa a firamare. A kan hanyar dawowa na yi ta tunanin uban da ba shi da wa a jami'a, ba shi da mota, abin da ke hannunsa bai wuce kuɗin tokar gashin kare ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da muke gudu a ranar. Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta cizo ko yaƙushi, ba ta bin jini kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Jijiyoyi take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa raunin kan warke, a manta da shi, sai bayan wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, mutum ya fara zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa yana jin ƙishirwa amma maƙogwaronsa ya ƙi karɓa. Daga lokacin da waɗannan alamomi suka bayyana, kusan babu mai tashi. A ƙauyukanmu sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi da rubutu har rai ya yi halinsa, a binne, ba wanda ya tuna da karen da ya yi cizo tun kafin Sallah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk waɗanda suka kamu, har kashi 99 cikin 100, daga kare suka same ta.

Abin takaicin shi ne maganin ba sabo ba ne. Tun a watan Yulin 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allurar da ya haɗa, yaron ya rayu. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita ce aka mayar ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. A nan gida kuma, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Masana sun yi ittifaƙi cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, aka kuma ɗore a kai, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu da kanta. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta rabu da ciwon haukan da kare ke sa wa mutum. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 domin kawo ƙarshen mace-macen. Mu kuwa a garinmu har yanzu muna ƙona gashi.

Bayan allura ta biyu, hankalina ya ɗan dawo jikina, sai fushi ya maye gurbin tsoro. Na ƙudura sai na gano mai karen nan ya biya abin da muka kashe, ko ba don kuɗin ba, don ya zama darasi. Na je wajen mai unguwa na faɗi na yi gaisuwa na kai ƙara. Ya tara mutanen lungun. Mai shayin bakin mayanka ya ce karen kullum a gindin teburinsa yake kwana, amma shi bai taɓa kiran sa nasa ba, ragowar burodi kawai yake jefa masa. Mahauta suka ce ƙashi yake zuwa ci kamar sauran karnuka. 'Yan sintiri suka ce yakan bi su zagayen dare, har ya taɓa tona asirin wani ɓarawon awaki, amma ba su suka kawo shi ba. Wani dattijo da aka ce a gidansa karen ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarona ne, shi kuma ya tafi ci-rani Legas shekara biyu ke nan. Ni da nake alwala sau biyar me zan yi da kare?" Kowa ya ci moriyar karen nan, mai shayi ya sami mai gadin tebur, 'yan sintiri sun sami abokin tafiya, lungun gaba ɗaya ya yi barci da haushinsa. Ranar biyan bashi ce kawai ya zama maraya.

Washegari na wuce sakatariyar ƙaramar hukuma. Na tafi da hujjata a hannu, domin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu kula da yadda ake ajiye dabbobin gida kowane iri da yadda suke yawo, kamar yadda ya ɗora musu kula da kasuwanni da mayanka da kwashe shara. Aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis, masu duba-gari suka ce aikin sashen gona ne, sashen gona suka ce in dai mutum aka ciza aikin sashen lafiya ne. Daga ƙarshe na sami wani dattijo malamin dabbobi da ya kusa ritaya, zaune a wani ɗaki mai tebur ɗaya da tsohon firji da aka mayar ma'ajiyar fayil. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "Dakta, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Lokacin da na fara aiki na tarar da littafin da ake rubuta karnukan gari, da ɗan ƙarfen da ake rataya wa wanda aka biya wa lasisi. Yau ba ni da littafin, ba ni da allura, ba ni da babur, ba ni da ko kejin da zan kulle kare kwana 10. In an ce kare ya haukace, samari nake roƙo su taimaka." Na shigo da niyyar faɗa, na fita ina ba shi haƙuri.

A matsayina na ɗalibin tarihi, abin da ya fi damuna shi ne mun taɓa iya irin wannan aiki. Ciwon bushiya ya yi wa shanun ƙasar nan kisan ƙare-dangi a shekarun 1890. A zamanin En'e malaman dabbobi suka riƙa bin ruga-ruga da mashaya-mashaya suna yi wa shanu allura, hakimai da dagatai da ardo-ardo suna tara musu garke. A 1962 aka ƙaddamar da gagarumin gangamin haɗin gwiwa a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Cutar ta sake dawowa a farkon shekarun 1980 lokacin da aka yi sakaci, aka sake tashi tsaye, har a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya. Idan an iya bin sa har cikin dajin da mota ba ta shiga, kare da ke kwance a ƙofar gida ba zai gagara ba. Bambancin kawai shi ne saniya dukiya ce, ana karɓar jangali a kanta, ana cin namanta, ana shan nononta. Kare kuwa ba a lissafa shi cikin gado.

Ko al'adarmu ta gargajiya ba ta bar dabba sakaka ba. Waɗanda suka tashi a karkara sun san cewa da zarar shuka ta fito, mai shela zai zaga gari da umarnin dagaci cewa kowa ya ɗaure awakinsa da tumakinsa, kuma duk wadda aka kama a gona za a kai ta ƙofar mai gari, ba za ta fito ba sai an biya ɓarna. Wannan tsari yana da tushe a shari'a. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke lokacin da taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda aka ɗora wa masu gonaki tsaron gonakinsu da rana, aka kuma ɗora wa masu dabbobi biyan abin da dabbobinsu suka lalata da dare. Suratul Anbiya ma ta ba da labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) suka yi a kan tumakin da suka shiga gona cikin dare. Ma'anar duka ɗaya ce: dabba ba ta da hankalin da za a tuhume ta, saboda haka alhakinta yana wuyan mai ita. Mun riƙe wannan ƙa'ida a kan akuyar da ta ci dawa, mun sake ta a kan karen da ya ci naman ɗan Adam.

Dalilin, a ganina, shi ne irin zaman da muke yi da kare, zaman da ba aure ba saki. Muna ƙyamarsa a fili, muna buƙatarsa a ɓoye. Sunansa zagi ne a bakinmu, amma haushinsa ne ke sa mu barci. Addini ya yi rangwamen ajiye shi domin farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma suka haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Sai muka ɗauki rangwamen muka bar nauyin da ke biye da shi. Wanda ya halatta maka ajiye kare bai halatta maka barin sa da yunwa ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, duk yaranmu na Islamiyya sun haddace su. Amma saboda kunyar a ce wane mai kare ne, sai mutum ya ajiye shi a matsayin na yara, ko na lungu, ko na Allah. Ba ya ciyar da shi, ba ya ɗaure shi, ballantana ya kai shi asibitin dabbobi a gan shi riƙe da igiya.

Ga shi kuma karnukan sai ƙaruwa suke yi. Rashin tsaro ya sa gidajen da a da ba za su yarda kare ya taka zaurensu ba yanzu suna neman ɗan kwikwiyo. 'Yan sintiri da mafarauta suna yawo da garkensu daga gari zuwa gari, karnukansu suna cuɗanya da na daji da na ƙauyuka. Samarin birni sun shigo da yayin manyan karnukan Turawa, suna saye da tsada domin a gani, in ɗawainiyar ta fi ƙarfinsu su sake su. Fatake suna bi ƙauye-ƙauye suna sayen karnuka suna lodawa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, ba tare da an san lafiyar abin da aka ɗauko ba. Uwa uba, jujin da ba a kwashewa da ƙazantar mayanka sun zama gidan abincin da ba ya rufewa. Duk garin da ya tara bola ya gayyaci karnuka, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk wannan bayani na tsara shi a kaina, har na fara rubuta takardar koke mai zafi zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. A daren da zan koma bakin aiki ina zaune a tsakar gida ina karanta wa ƙanina, sai Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce daga bakin ƙofarta, "Kai Malam, kai da kake ta neman mai kare, ka leƙa bayan gida mana. Jan karen nan ai ɗan karyarka ne."

Na yi shiru. Shekara 4 da suka wuce, bayan an haura gidan an sace babur ɗin ƙanina, ni da kaina na sayo 'yar kwikwiya daga birni na kawo. Inna ta ƙi, ta ce ba ta son abin da zai hana mala'ikun rahama shiga gidanta. Na zauna na jawo mata fatawa a kan karen gadi har ta haƙura, bisa sharaɗin a ajiye ta can bayan gida kusa da turken awaki. Na koma birni ina jin na yi abin kirki. Ban taɓa yi mata allura ba, ni da nake maƙwabtaka da likitan dabbobi. Ban taɓa aiko da kuɗin abincinta ba. Da dare akan sake ta ta nemi na kanta. Ta haihu sau biyu, aka rarraba 'ya'yan ga yaran unguwa kamar ana rabon alewa, ɗaya daga cikinsu ya faɗa hannun yaron da ya tafi Legas. Na tsaya gaban mai unguwa ina nuna mutane da yatsa, alhali igiyar karen daga hannuna ta fara. Ilimin da nake taƙama da shi ya ishe ni kawo hujjar ajiye kare, bai kai ni asibitin dabbobi ba ko sau ɗaya.

Na yaga takardar koken, ba don ƙaramar hukuma ta fita daga zargi ba, sai don na gane cewa mai kare shi ne hukuma ta farko. Abin da ke kansa kuwa bai da yawa. Ya yi wa karensa allurar rigakafi tun yana ɗan wata 3, ya riƙa sabuntawa duk shekara, ya adana katin. Ya ciyar da shi, domin karen da ya ƙoshi ba ya kwana a juji. Ya ɗaure shi ko ya killace shi da rana, musamman lokacin da yara ke tafiya makaranta da dawowa. In ba ya son 'ya'ya, likitocin dabbobi suna yin aikin da ke hana haihuwa, kada ya bari ta haifa ya watsar a lungu. In zai yi ƙaura ko doguwar tafiya, ya danƙa shi ga wani a gaban shaidu. In karensa ya yi cizo, ya fito ya ce nasa ne, ya ɗaure shi kwana 10, ya ɗauki nauyin maganin. Wanda ba zai iya waɗannan ba, to ya sayi kwado mai kyau ya bar kare.

Sauran jama'a ma akwai abin da ya kamata kowa ya sani, har yaran firamare. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu ba. Wani yakan yi laƙwas, haɓarsa ta saki, yawu yana dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya sa hannu a bakinsa. Duk wanda aka ciza, ko kyanwa ce ta yaƙushe shi, a fara da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru. Toka da barkono da man ja ba sa kashe wannan ƙwayar cuta.

Ita kuma ƙaramar hukuma, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, uzurin babu ya kamata ya fara ƙarewa. Abin da ake nema bai kai kuɗin gina shataletale ɗaya ba: littafin rajistar karnuka a hannun kowane mai unguwa, wanda ya riga ya san gidan da ke da kare ko da mai gidan ya musa; rana ɗaya ko biyu a shekara da malaman dabbobi za su zauna a ƙofar hakimi su yi allura kyauta ko da rahusa; keji biyu ko uku a asibitin dabbobi domin tsare karen da ya yi cizo; firji mai aiki da hasken rana a asibitin gari, da allurar mutane a ciki; da kwashe juji da gyara mayanka. A jawo shugabannin mafarauta da 'yan sintiri a jiki, domin su ne suka iya kama kare, kuma su ne suka fi kowa asara in cutar ta shiga garkensu. Limamai su ware huɗuba guda a kan haƙƙin dabba da haƙƙin maƙwabci. Abin da bai kamata a yi ba shi ne abin da aka saba yi duk lokacin da aka rasa rai, wato a bazama kisan karnuka ko a watsa guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa wannan ba ya kawar da cutar. Gubar takan kashe kaji da awaki, ta jefa yara cikin haɗari, kuma muddin jujin yana nan, wasu karnukan da ba a san asalinsu ba za su zo su cike gurbin.

Mako uku bayan cizon, ƙanina ya sake bugowa cikin dare ya ce yaron yana zazzaɓi. Ban runtsa ba. Da na isa da safe na tarar da shi kwance a ɗakin Inna, jikinsa zafi rau. Ban gaisa da kowa ba, na ɗebo ruwa a randa na miƙa masa kofin, na zuba wa maƙogwaronsa ido. Ya karɓa ya shanye, ya ce, "Baffa, ƙaro mini." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne. Ya ƙarasa alluransa, yau fiye da shekara guda ke nan yana cikin ƙoshin lafiya, sai dai ya daina bin lungun bayan mayanka. Ko karen nan mahaukaci ne ko yunwa ce ta sa shi cizo, amsar ta nutse tare da shi a kududdufi.

Kafin in koma birni a wannan zuwan, na sa wa karyar igiya na ja ta da kaina, da rana tsaka, ta tsakiyar kasuwa, mutane suna kallon Dakta da kare. Na sayo allurar daga birni cikin kula, dattijon nan malamin dabbobi ya yi mata. Da ya gama ya laluba cikin tsohon firjinsa ya zaro wani kati da ya fara ja saboda daɗewa, ya cike kwanan wata da launin karyar, sannan ya ɗago kai ya tambaye ni sunan wa zai sa a gurbin mai ita. Na ce ya sa nawa. Katin yana nan rataye a zauren gidanmu, kuma daga lungunmu mutum biyar sun bi sahu, har da mai shayi.

Ranar 28 ga Satumba tana tafe. Duk wanda kare ke kwana a ƙofarsa, ya tambayi kansa tun yau sunan wa za a rubuta. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sa a ƙarƙashin kulawarmu.